Jirgi a Ka, Mutum a Gora: Tarihin Fito Daga Mariga Zuwa Komadugu

Duk wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san kogin Mariga, wanda ya raba dajin Kamuku da na Kuyambana, ya gangara kudu ya faɗa kogin Kaduna a cikin Jihar Neja ta yau. Da bazara, a mashigai da yawa, yaro ma kan naɗe wando ya ƙetare. Da marka kuwa, in ya kawo, ko mai doki ba ya gigin tsoma ƙafa. Haka kogunan Arewa suke kusan dukkansu. Ruwan baƙo ne, yana da watannin zuwa da na tafiya, kuma tarihin tuƙi a ƙasar nan tarihi ne na mutanen da suka san ranar zuwan baƙon nan da waɗanda ba su sani ba.

Tsohuwar Birnin Gwari tana kan hanyar fataken Gwanja. Ayarin goro da ya taso daga Kano yakan biyo ta Zariya ya ratsa nan, ya wuce Kotonkoro ya nufi bakin Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, daga can sai Borgu har Salaga. Madugu ba ya tayar da ayari sai ruwa ya ɗauke, kuma babban dalilinsa koguna ne. Jaki ɗari biyar da kayansu ba su shiga kwalekwale ɗaya, kwana guda da aka yi a gaɓa ana jiran ruwa ya janye kuwa guzuri ne yake ƙarewa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdullahi, bai bi wannan ƙa'ida ba. Ya ƙetare Kwara kusa da Busa a watan Afrilu na 1826, ya daɗe a ƙasar Nufe, sannan ya ratsa Birnin Gwari da damina tsaka, ya isa Kano ranar 20 ga Yuli a jigace.

In tafiya ta zama dole alhali kogi a cike yake, sai a nemi masu fito. A ƙananan koguna irin waɗannan, sau da yawa ba jirgi suke da shi ba, masaki ne. Matafiyi ya tuɓe, a zuba rigarsa da ƙunshinsa a cikin ƙatuwar ƙwaryar, a tura ta ruwa. Shi ya rungumo ta ta wannan gefe, mai fito ya rungumo ta wancan, su riƙe damatsan juna gam, ƙwarya na tsakiya. Daga nan aiki na ƙafafun mai fito ne. Ba ya nufar gaɓar da ke daura da shi kai tsaye, yakan bar ruwa ya ja su a karkace har su fita can ƙasa da inda suka shiga, abin da ya riga ya lissafa tun kafin ya zaɓi mashiga. Abu ɗaya yake roƙon wanda ya ɗauko: kada ya saki, kada ya yi ƙoƙarin hawa kan ƙwaryar. Dabbobi kuwa iyo suke yi, ana jan akalarsu.

Tudun da ke tsakanin Birnin Gwari da Funtuwa da Zariya maraba ce ta ruwa. Wanda ya zuba ta kudu ya bi Mariga da Kaduna ya shiga Kwara ya tafi teku. Kusa da Funtuwa gulbin Sakkwato ya samo asali, ya yi arewa maso yamma ya haɗu da Rima. A fadamar Rima ɗin nan ce labarin baka ya ce Kanta na Kabi, a ƙarni na 16, yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla, matuƙa hamsin ke tuƙa shi, da shi yake zaga garuruwansa daga Surame in ruwa ya malale fadama. Ko da an rage wa labarin gishiri, abin da ya rage gaskiya ne: Kabawa sun yi mulki da ruwa, kuma har yau Sarkin Ruwa ke buɗe Matan Fada a bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara shi a sigarsa ta yanzu a 1934.

Sai ruwan da ya yi gabas. Shi ne ba ya ganin teku har abada. Calawa da kogin Kano su haɗu su zama kogin Haɗeja, shi kuma ya bazu cikin fadamu da tuddan rairayi, ya haɗu da na Jama'are a wajen Gashuwa. Daga nan sunansa Komadugu Yobe, ya bi ta Gaidam da Damasak da Difa da Boso ya zube a Tafkin Cadi. Wannan shi ne kogin hamada na haƙiƙa a ƙasarmu. Inda ya taso ana samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, inda ya ƙare da ƙyar ake samun 300. Duk abin da yake ɗauke da shi daga yamma ya ɗauko, yana tafe rana na sha, rairayi na sha, fadama na sha. Kuma tafiyar hawainiya yake yi, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Ruwan da aka yi a Kano a watan Agusta ba ya cika gaɓa a Difa sai wajen Nuwamba ko Disamba, lokacin da mutanen can sun daɗe da girbe gero, hunturu na kaɗawa, sama ba ko ɗigon girgije. Kafin bazara ta yi nisa ya yanke, ya bar gurabe nan da can, inda kifi da kada ke taruwa su jira shekara ta zagayo.

A gefen wannan kogi Mai Ali Gaji ya kafa Birnin Gazargamu a wajajen 1470, kuma daga nan aka mulki Barno fiye da shekara 300, har aka ci birnin a 1808. Amma daular da ta zauna a bakin kogi ba ta zama daular jiragen ruwa ba. Kanwa da mangul da busasshen kifi na ƙasar Barno a bayan raƙumi da takarkari da jaki suka fi zuwa kasuwar Kurmi. Kogin da ke aiki wata huɗu ko biyar, mai lanƙwasa kamar hanjin akuya, wanda tudun yashinsa na bana ba ya inda na bara yake, ba abin da ɗan kasuwa zai dogara da shi ba ne. Amfaninsa ga masunta ne da manoman fadama da makiyaya, sai masu fito da ke cin abinci a mashigai.

Turawan farko da suka gan shi sun zo da wani zato dabam. A watan Fabrairu na 1823 Dixon Denham da Clapperton da likita Walter Oudney, bayan sun ratso Sahara daga Tarabulus, suka iso garin Yo a bakin Komadugu. A lokacin masana a Landan ba su san inda Kwara ke ƙarewa ba, wasu na ganin tana yin gabas ne ta shige tafki ko ta haɗu da Nilu. To ga kogi yana gudu gabas, sai zuciya ta ɗarsa ko shi ne. Denham ya ga jirage biyu a ajiye a kan yashi suna jiran lokacinsu. Da alluna aka yi su, an ɗinke da igiya, kowanne na iya ɗaukar mutum ashirin zuwa talatin, kuma aka gaya masa in ruwa ya cika da su ake ƙetarar da ayari, raƙuma da dawaki na iyo an ɗaure kawunansu a jikin jirgin. Ɗinkin nan ba rashin dabara ba ne. Ƙasar ba ta da manyan itatuwan da za a fafe jirgi guda daga gungume ɗaya, irin maɗaci da kiryar da ke cike da dajin Kamuku, saboda haka sai a harhaɗa guntaye a toshe kafofin.

Sun zo da masassaƙin jirgi musamman, William Hillman, domin ya ƙera musu abin da za su bi ruwa da shi. Bai ƙera ba. A Kukawa ya ƙare yana yi wa Shehu Laminu na Barno kujeru da amalanken ɗora igwa, wanda ga Shehu ya fi jirgi amfani nesa ba kusa ba. A Disambar 1823 Clapperton da Oudney suka bi gaɓar kogin suka yi yamma, a kan dabbobi. Oudney ya rasu a Murmur kusa da Katagum ranar 12 ga Janairu 1824, Clapperton ya shiga Kano ranar 20 ga watan. Ya gane da idonsa cewa ruwan Yo daga ƙasar Hausa yake fitowa, ba shi da haɗi da Kwara.

Bayan shekara ashirin da bakwai wata tawagar ta ce ita da jirginta za ta zo. James Richardson da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, suka bar Tarabulus a watan Maris na 1850 da jirgin katako da aka ƙera a Malta, an raba shi gida huɗu an ɗora wa raƙuma. Ya bi ta Murzuk da Gat da duwatsun Azbin da Damargu. Mutum ya tsaya ya hango abin: jirgin ruwa yana rangaji a kan tozon raƙumi a tsakiyar Sahara, inda ake auna ruwan sha da salka, Buzaye na kallo suna tambayar juna ko mene ne. Richardson bai ga ranar da aka jefa shi ruwa ba, ya rasu a Ngurutuwa a Maris 1851 kafin ya kai Kukawa. A Maduwari, bakin tafki, aka harhaɗa jirgin aka sa masa suna Lord Palmerston, Overweg ya yi makonni yana yawo da shi cikin tsibiran Buduma a daminar 1851. A Satumbar 1852 shi ma ya rasu a Maduwari ɗin.

Barth, wato Abdulkarim, shi kaɗai ya koma gida, kuma duk ƙetarar da ya yi wa Komadugu a cike, a kan duma ya yi ta. Ya bayyana yadda abin yake. Manyan goruna biyu ake haɗawa da sanda mai ƙarfi, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan. Mutum ɗaya ya hau tsakiya kamar doki ya yi ta tuƙi da hannuwa. In kaya ne masu nauyi, sai a jera irin wannan uku ko huɗu, a gicciya sanduna a kai a ɗaure, a ɗora kaya da mai kaya, masu iyo su tura daga baya. Ba ya buƙatar zurfi, ba ya kafewa a yashi, in an gama a kwance shi a rataye a rumfa. Har yau masunta a fadamun Haɗeja da Bade suna kwanciya a kan gora su bi ruwa da homa a hannu, kifin da suka kama su jefa a cikin goran da ke ɗauke da su.

Da mulkin mallaka ya zo, matsalar ta tashi daga ta masu yawon buɗe ido ta zama ta gwamnati, kuma a nan labarin ya sake kusanto Birnin Gwari. Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, ya zauna a Jaba, sannan a 1902 ya mai da hedkwata Zungeru a bakin kogin Kaduna, ba nisa da inda Mariga ke shiga. Lissafinsa shi ne kaya su taso daga teku ta Kwara, su juya a Muregi su hau Kaduna. Kogin ya yarda da wannan lissafi na 'yan watannin damina kawai. Sauran shekara jirgin hayaƙi ba ya wucewa, sai a sauke kaya a zuba a ƙananan jirage, Nufawan bakin ruwa da ake kira Kede su yi ta dunguri da gwangwala, in an kafe kowa ya diro a tura. Saboda haka ne aka shimfiɗa ɗan siririn dogo daga Zungeru zuwa Wushishi a 1901, aka ƙara shi zuwa Barijuko, jimla mil 22, don a tarye jirage a inda ruwa ya fi zurfi. Dogon farko a Arewa ke nan, kuma ƙarancin ruwan Kaduna ne ya haife shi. Na Baro zuwa Kano, da aka fara a 1907 ya isa Kano a 1911, shi ya raba gardama, a 1917 hedkwata ta koma garin Kaduna.

Wanda ya fi kowa naci a kan sai ya bi Komadugu da jirgi shi ne Boyd Alexander, sojan Ingila mai sha'awar tsuntsaye. A 1904 ya iso Lakwaja tare da ƙanensa Claud, da Kyaftin G. B. Gosling, da P. A. Talbot mai safiyo, da José Lopes mutumin Kef Bad. Sun zo da jiragen ƙarfe biyu, kowanne tsawon ƙafa 26, faɗin ƙafa 6, ba ya nutsa fiye da ƙafa ɗaya da rabi ko an loda shi. Kowanne yana kwancewa gida shida, kuma mutum 24 ke ɗaukarsa. Wannan adadi na ƙarshe shi ne gaskiyar tafiyar. Sun hau Binuwai zuwa Ibi, aka shiga Gongola da jiragen a shekarar da yunwa ta yi wa kwarin kogin mugun kamu, abinci ya gagara saye ko da kuɗi, matuƙa na fama da ruwa mai ƙarfi da ciki fayau. A Ashaka ruwa ya ƙare musu. Aka kwance ƙusoshi, 'yan dako suka yi gammo, jirage suka hau kai aka ratsa tudu da su zuwa Komadugu.

A nan dai sun dace, domin sun iske kogin a lokacinsa, a ƙarshen shekara, suka gangara da shi har bakin tafki. Tuƙi a irin wannan ruwa aikin ido ne kafin na dantse. Mai gwangwala na gaba yana karanta fuskar ruwa: inda ya yi santsi ya yi duhu akwai zurfi, inda yake 'yan ƙananan tuɗaɗɗun igiyoyi yashi ne a kusa. A lanƙwasa zurfin yana gefen waje, inda ruwa ke cin gaɓa, amma can ne kuma itacen da ya faɗi ke kwance a ƙarƙashi yana jiran cikin jirgi. In kogi ya fantsama cikin fadama ya rabu biyar, sanin wanne ne uwar ruwa wanne ne zai mutu a cikin ciyawa sai ɗan gari. Babu taswirar da za ta gaya maka, domin ta bara ta tsufa.

Murnarsu ba ta daɗe ba. Claud ya rasu da zazzaɓi a Maifoni, inda Maiduguri take yanzu, a Nuwambar 1904. Tafkin kuma ya zame musu abin da ba su zata ba. Sun iske shi yana ja da baya, a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, ƙarƙashinsa laka ce mai haɗiye mutum har ƙugu. Iska kan kaɗa ruwan ta kwashe shi gefe guda, jirgin da ya kwana yana lilo ya wayi gari a zaune kan taɓo. Tsakaninsu da bakin Shari kuma ga dajin ciyawa da ya fi mutum tsawo. Makonni mutanen Alexander, yawancinsu Hausawa da Nufawa, suka yi tsaye cikin ruwa suna sara da adda suna jan ƙarfe, sauro na ci da dare, matsattsaku na sha da rana. A gefensu Buduma na wucewa a jiragensu na ciyawa da aka ɗaure dami-dami, waɗanda ruwa kaɗan ya ishe su. Sai a watan Mayu na 1905 tawagar ta shiga Shari. Gosling ya rasu a Niangara ta ƙasar Kwango a Yunin 1906, Alexander ya kai Nilu a ƙarshen shekarar, ya rubuta littafinsa From the Niger to the Nile, aka ba shi lambar zinariya a Landan. An kashe shi a wata tafiyar kusa da Abeche a 1910.

Ba a raina jaruntakarsa. Amma abin da ya tafi nema, wato hanyar ruwa da za ta haɗa Kwara da Nilu, ba ta taɓa zama hanyar kowa ba bayansa, kuma in aka bi labarin da kyau za a ga duk inda tafiyar ta cije, kan ɗan dako ne ko kafaɗar mai tura jirgi ta warware ta. Gwamnatin mulkin mallaka ta ci gaba da kai kayan Barno ta Gongola zuwa Nafaɗa in ruwa ya cika, daga baya dogo ya isa Nguru a 1930, mota ta ƙarasa sauran.

Abin da ya sauya kogin kansa ya zo ne daga baya, kuma daga hannunmu. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta Calawa ta biyo a 1992. Sun ba Kano ruwan sha, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, wannan ba a musunsa. Sai dai sun karya tsarin cika da janyewa da komai na gabas ya ginu a kai. Ambaliyar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana magudanai bushewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su, ruwa ya koma inda ba a so ya bar inda ake jira. Fari na 1973 da na 1984 suka ƙara. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka a tsakiyar shekarun 1980. A yamma ma an datse gulbin Sakkwato a Bakolori, an datse Rima a Goronyo. Gadoji sun maye gurbin yawancin mashigai, inda babu gada kuma jirgi mai inji ya kori gwangwala.

Wanda ya yi fito da masaki ko gora yana saurayi kafin a rufe Tiga, yau ya haura shekara saba'in. Akwai irinsu a ƙauyukan bakin Mariga, da yawansu rashin tsaro ya koro su cikin garin Birnin Gwari da Kaduna, akwai su a Wudil da Haɗeja da Gashuwa da Gaidam. Su suka san sunan kowane gurbi, da kuɗin fito na mutum da na jaki, da wanda ke ba da izinin shiga ruwa, da shekarun da kogi ya ƙi zuwa. Ɗaliban tarihi na Zariya da Kano da Gashuwa, da ma'aikatan Gidan Arewa a Kaduna, ku ɗauki rikoda ku je ku same su tun suna da ƙarfin ba da labari.